Yadda ake sake ƙunshi a fatar da dayis ya ƙona

Kuskuren da na fi gani wurin masu koyon ƙunshi shi ne, idan dayis ya ƙona hannun mace, sai su yi gaggawar sake zana fure a wurin domin su rufe tabon kafin ranar biki. Yin hakan ba ya rufe komai, sai dai ya ƙara faɗaɗa ciwon.

Da farko ki san abin da ya ƙona fatar. Lallen gargajiya ja yake kamawa, ba ya yin baƙi ƙirin. Baƙin nan daga dayis yake, wato rinin gashi mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. A karon farko ƙaiƙayi da bororo sukan ɗauki kwana 4 zuwa 14 kafin su fito, suna bin siffar zanen daidai, amma jikin da ya taɓa ƙin sinadarin yakan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta taɓa yin haka ta rabu da dayis ke nan har abada, a hannu da a gashi, ko da an ce mata an rage masa ƙarfi.

Mataki na biyu shi ne jira, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa. Muddin wurin yana ruwa, ko yana zafi, ko ɓawon ciwon bai faɗi da kansa ba, babu zancen lalle. Ko bayan ɓawon ya faɗi, sabuwar fatar takan fito da sheƙi da laushi, wanda ke ruɗin mai koyo ta ɗauka an warke, alhali fatar ba ta yi ƙwarin da za ta jure lemon tsami da ɗaurin leda ba. Ƙa'idata ita ce a ƙara mako 6 daga ranar, ana shafa basilin ko man kaɗanya kawai. Kada a sa man bilicin don a goge baƙin tabo. Idan akwai mugunya, ko kumburin yana yaɗuwa, ko tabon ya fara tasowa ya yi tauri, a je wurin likita. Na san akwai kuɗin aiki da za ki rasa idan kika mayar da amarya gida, amma bai kai kuɗin magani da zubewar sunanki a unguwa ba.

Idan lokacin ya cika, ki yi gwaji. Ki kwaɓa garin lalle zalla da ruwa, ba haidurojin, ba turare, ba kuma lallen kwali da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Ki ɗiga kaɗan a cikin damtse, inda fata take lafiya, ki wanke bayan ya kama, sannan ki jira awa 48. Ƙaiƙayi ko ja ya isa a fasa.

In babu komai, sai ki zana, amma ki fara kewaye tabon da fure maimakon ki hau kansa, domin lalle ba ya kama tabo daidai da sauran fata. Ki guji salatif a wurin, ki bar lallen ya bushe a iska, ki kankare shi a hankali ki shafa mai.