Yadda ake bin sawun kalmar "calm" zuwa asalinta

Ka fara da ƙamus mai kawo tarihi, irin Oxford English Dictionary, wanda yake jera misalan kalma tare da shekarun da aka gan ta a rubuce. Ƙaramin ƙamus na makaranta ma'ana kawai zai ba ka.

Abin da za ka fara nema shi ne tsohuwar ma'ana. Yau "calm" natsuwa ce, amma da ta shigo Turanci a ƙarni na 14 an fi faɗinta a kan teku da yanayi, wato iska ta tsaya, ruwa ya kwanta. Daga nan sai ka koma baya mataki-mataki, kada ka tsallake ko ɗaya: Faransanci "calme", Italiyanci "calma", Latin na baya-baya "cauma", sannan Girkanci "kauma", zafin rana mai ƙuna, daga aikatau "kaiein", ƙonawa.

A nan ake yawan rikicewa. Yaya zafi ya zama natsuwa? Ka tuna tsakar rana a bakin tekun Bahar Rum, rana ta take, dabbobi sun kwanta a inuwa, ko ganye ba ya motsi, ma'aikata sun ajiye kayan aiki. Sunan zafin ne ya koma sunan shirun da yake kawowa. Duk wanda ya san azahar ta watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ka lura da harafin l. Babu shi a "cauma", kuma masana da yawa suna ganin ya shigo ne saboda kusanci da "calere" ta Latin, wato yin zafi.

Sai ka tabbatar da hanyar ta wajen dangin kalmar. "Caumare" ta Latin, hutawa lokacin zafi, ita ta haifi "chômer" ta Faransanci, da "chômage" da ake ji a Nijar in ana zancen rashin aikin yi. "Caustic" ta Turanci ma, wato abu mai ƙuna, daga "kaiein" take.

Babban tarkon shi ne kamannin sauti. "Calma" ta Italiya da kalmarmu "kalma" kusan furucinsu ɗaya, amma tamu daga Larabci "kalima" ta fito, ba su haɗa komai ba. In babu rubutattun matakai tsakanin kalmomi biyu, kada ka ƙulla musu zumunci.