Kurakuran da ke kashe wa matashi sana'ar ƙwallon kwando tun kafin ta kankama

Gasar NBA ta Amurka ƙungiyoyi 30 gare ta, kuma sabbin 'yan wasa 60 kacal ake zaɓa a shekara daga duk faɗin duniya. Ƙofar ƙarama ce, kuma abin da ke hana yaranmu kusantar ta ba rashin baiwa ba ne. Akwai dogaye masu ƙarfi a Kano da Zariya da Kaduna da Gombe. Kurakurai ne da ake ta maimaitawa, kuma rabinsu ba a cikin fili ake yin su ba.

Na farko shi ne dogara da tsawo. Yaro ya ga ya fi kowa tsawo a unguwa, kowa na ce masa “kai dai Allah ya yi ka don kwando”, sai ya koma ƙarƙashin raga ya tsaya yana jiran a miƙo masa ƙwallo. A nan gida hakan na ci, domin babu mai kai shi. Ranar da ya haɗu da tsararsa a tsawo wanda ya iya taka ƙafa, ranar zai gane bai fara koyon wasa ba.

Dubi Hakeem Olajuwon. A Legas ya tashi, ya yi gola a ƙwallon ƙafa, ya buga ƙwallon hannu, bai shiga kwando ba sai da ya kai wajen shekara 15. Da ya je Jami'ar Houston, shekararsa ta farko ko wasa ɗaya bai buga ba. Lokacin hutu yakan je ya gwabza da Moses Malone, wanda tuni ya zama gwarzo a NBA, ya sha ture da bangaza har ya goge. A 1984 shi aka fara zaɓa, gaban Michael Jordan da ya zo na uku, kuma ya ɗauki kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995. Dogaye irinsa sun yi yawa a gasar. Abin da ya bambanta shi ƙafarsa ce: ya juya dama, ya yi kamar zai tashi, mai tsaronsa ya yi tsalle a banza, shi kuma ya sulale ta hagu. Bayan ya yi ritaya, har Kobe Bryant da LeBron James sai da suka je wurinsa koyon wannan takun.

Gyaran ba shi da armashi, shi ya sa ake gudunsa. Ka ware lokaci kullum ka yi ta buga ƙwallo a ƙasa da hannunka mara ƙarfi, kai a ɗage, ba ka kallon ta. Ka koyi kafe ƙafa ɗaya kana juyawa ba tare da ka ɗaga ta ba. Ka tsaya a layin jifan da ake bayarwa in an yi maka ƙeta, ka yi ta jifa bayan ka gaji tiɓis, domin a wasa da gajiya za ka je wurin. Gajere kuma kada ya karaya: Muggsy Bogues mita 1.60 ne, ya yi kaka 14 a NBA.

Daga nan sai son burgewa. Yaro zai kwashe yamma guda yana ƙoƙarin danƙara ƙwallo cikin kwando don a ɗauka a waya, amma a ce ya tare mutum sai ya tsaya ƙiƙam. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Koci na neman wanda zai durƙusa ya hana abokin hamayya wucewa, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga allo, ya miƙa wa wanda ya fi shi sarari. In za ka aika bidiyo waje, aika cikakken wasa, domin shi ake son gani.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: rage shekaru. Wani zai ja ka gefe ya ce, “Ƙanena, a zabge maka huɗu kawai, kowa haka yake yi.” Ka ƙi. Takardar haihuwa ta ce kaza, sakamakon WAEC ya ce kaza, fasfo ya ce wani abu daban, kuma makarantu da ƙungiyoyin waje suna haɗa takardun nan su duba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In aka kama ka, ba kai kaɗai za ka kwana ciki ba, duk yaron da zai fito daga garinku bayanka sai an yi masa kallon zargi. Ko ba a kama ka ba, ka cuci kanka, domin ɗan shekara 21 da ke fin ƙarfin yara 'yan 16 ba ya koyon komai. Ka sa ranar haihuwarka ta zama ɗaya a kowace takarda tun yanzu.

Barin makaranta ma daga nan yake. Hanyar da Olajuwon ya bi ta jami'a ce, kuma hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ba ta barin ɗalibi ya buga sai ta tantance darussansa na sakandare da makinsa. Wanda ya watsar da Turanci da lissafi don atisaye, da hannunsa ya rufe wannan ƙofar.

Sai 'yan damfara masu kiran kansu wakilai. Alamarsu ɗaya ce: kuɗi a gaba. Za a ce ka kawo na biza da na jirgi da na gwaji a wani kulob na Turai, iyaye su sayar da gona ko shanu, daga nan waya ta daina shiga. Wakilin gaskiya yana da lasisin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ana iya duba sunansa a shafinta, kuma kasonsa na fitowa ne bayan an ƙulla kwantiragi. Dokar FIBA ba ta yarda ɗan ƙasa da shekara 18 ya sauya ƙasa haka kawai ba, sai da sharuɗɗa na musamman, don haka duk mai cewa zai fitar da yaro a ɓoye abin tsoro ne. Kada ka sa hannu a takardar da lauya bai karanta maka ba. A duba albashi da ranar biya da masauki da wanda zai biya kuɗin asibiti in ka ji rauni, a kuma nemi a saka sharaɗin kai ƙara kotun sasanci ta FIBA, wato BAT, in an hana ka haƙƙinka.

Kada kuma ka raina na gida. Kano Pillars da Gombe Bulls da Rivers Hoopers duk makaranta ce. Gasar BAL ta Afirka ta fara a Kigali a 2021, kuma masu farautar 'yan wasa suna kallon ta. 'Yan mata su ma su ji: tawagar mata ta Najeriya D'Tigress ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da babu wata tawagar kwando ta Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi.

Jiki shi ne jarinka. Yawancin filayenmu siminti ne, gwiwa da idon sawu suna shan wahala, musamman in takalmin ya suɗe. An yi targaɗe, ƙafa ta kumbura suntum, sai a gasa da ruwan zafi a murza, washegari a ɗaure da ƙyalle a koma fili. A kwanakin farko ƙanƙara ake sawa, a ɗaga ƙafar sama, a huta, in ba ka iya taka ta kuma a je a ɗauki hoto. Greg Oden shi aka fara zaɓa a NBA a 2007, yana da likitocin da babu kamarsu, amma gwiwa ta cinye masa sana'a. Shan tiramadol don danne ciwo kuwa asara biyu ce: raunin na ƙaruwa ba ka ji, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa.

In Allah ya buɗa, kuɗi ma jarrabawa ne. Antoine Walker ya karɓi sama da dala miliyan 100 a NBA, amma a 2010 ya je kotu ya ce ya tsiyace. Ka taimaki iyaye da dangi, wannan wajibi ne, amma ka yanke abin da za ka iya bayarwa a wata, ka ajiye wani kaso inda hannunka ba ya saurin kaiwa. Caca a kan wasa kuma kada ka kusance ta. Jontay Porter korar har abada NBA ta yi masa a 2024 a kanta.

Ka fara shirin ranar ajiye takalmi tun kana bugawa. Masai Ujiri a Zariya ya girma, ya buga 'yan shekaru a Turai, bai taɓa buga NBA ba. Da ya daina, sai ya kama aikin nemo wa Orlando Magic 'yan wasa ba albashi, daga nan ya yi ta hawa har ya shugabanci Toronto Raptors ta ɗauki kofi a 2019. Ka zauna kusa da kocinka ka ga yadda yake tsara atisaye, ka yi kwas ɗin horarwa ko na alƙalanci in hukumar kwando ta jiharku ta buɗe, ka kuma adana lambar duk kocin da ka taɓa bugawa a ƙarƙashinsa.