Yadda Ake Motsa Jiki da Aikin Gida Ko a Ranar da Ba a Jin Yi

Ɗoki wutar kara ne. Ka hau sikeli ka ga abin da bai yi maka daɗi ba, nan take ka ɗaura ɗamara: daga gobe gudu kullum, ɗaki kuma tsaf. Kwana huɗu cinyoyi sun yi tsami, takalmi ya koma ƙarƙashin gado, kwanuka sun yi tsiri. Ba raggo ba ne kai. Ka jingina aikin ne da ganin dama, ita kuwa ba kullum take zuwa ba. Ga yadda za ka raba su.

Da farko, rage aikin har ya kusa ba ka dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Can za ka je, amma ba daga can ake farawa ba. Fara da tafiyar minti 10 da sauri. In shara ce, ɗaki ɗaya. Ma'aunin shi ne abin da za ka iya ko a ranar da ka dawo liƙis.

Na biyu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: yanka wa aikin lokaci da wuri tun kafin ranar. "Zan riƙa motsa jiki" buri ne kawai. "Da zarar na wanke baki da safe, zan sa takalmi in fita" kuwa tsari ne. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi bayanin wannan dabara a 1999: wanda ya ƙulla niyyarsa da wani abu takamaimai, wato in kaza ya faru zan yi kaza, ya fi cika ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kasala tana shiga ne ta ƙofar shawara. Muddin kana kwance kana tambayar kanka ko ka tashi ko a'a, bargo ne zai yi nasara. To, ka ɗaura sabon aikin a jikin wanda ka riga ka saba: gama cin abinci, sai wanke kwano a tsayen nan, ba "anjima" ba.

Na uku, kawar da cikas tun dare. Kayan atisaye a bakin gado, waya nesa da hannu.

Sai haƙuri. Zancen wai kwana 21 sun isa a saba da abu ba shi da tushe mai ƙarfi. A binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, tsaka-tsakin lokacin da sabuwar ɗabi'a ta ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne. Wasu 18, wasu har 254. Akan ce sabo turken wawa, amma a nan turken kake nema da gangan. Samu kalanda ka riƙa yi wa kowace rana alama.

Binciken ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Abin gudu shi ne "tun da na fasa jiya, sai mako mai zuwa". Ka fasa yau, gobe ka koma, ko da rabin aikin ne, ba tare da ramuwa ba.

Sai dai ka bambance ƙyuya da ciwo. Tsamin jiki bayan sabon atisaye yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa, kuma tafiya a hankali ba ta cutar da shi. Amma zazzaɓi, jiri, ciwon ƙirji ko suka a gaɓa ba abin daurewa ba ne. Ranar ka ajiye takalmin, ka nemi likita.