In danja ta tsayar da kai da mota manuwal, ina ƙafarka ta hagu take?

Kwanakin baya na raka ƙanina gareji da Fijo 406 ɗinsa, motar ta fara wani ƙugi ne, in ya taka kulochi sai ka ji tana kuka ƙiiii, in ya ɗaga ƙafa tayi shiru. Bakanike ko bonet bai buɗe ba yace rilis boris ne, wato wani ɗan zoben ƙarfe mai juyawa da ke cikin kulochi. Da aka ciro boris ɗin wallahi bai cika tafin hannuna ba, amma kafin a kai gare shi sai da aka cire tayoyin gaba, aka kwance shaf, aka sauke giyabos gaba ɗaya, wuni guda muna zaune kan benci a inuwar darbejiya. Bakaniken ya riƙe abin yana juyawa da yatsa ana jin yana karce kamar an zuba masa yashi, sai ya dubi ƙanin nawa yace, "Malam, in ka tsaya a danja ina kake ajiye ƙafar hagu?" Yace kan kulochi mana, mota na giya ɗaya. Bakanike yace, "To ga kuɗinta nan a hannuna."

Abin da nake so kowane mai manuwal ya riƙe shi ne, in jiran zai ɗan jima, ka maida mota firi, wato ka cire ta daga giya, ka ɗauke ƙafa daga kulochi gaba ɗaya ka ajiye ta ƙasa, burki ne zai riƙe maka mota. Aikin kulochi canjin giya da tashi, ba a yi shi don tsaron mota ba.

Ka fahimci abin da ke faruwa a ciki tukuna, in ka gane shi ba sai an tuna maka ba. Tsakanin inji da giyabos akwai farantin kulochi, wanda wani murfi mai sifirin yake matse shi jikin filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji. Duk sanda ka taka feda, rilis boris ne yake tura yatsun sifirin ɗin nan don murfin ya saki faranti, kuma duk tsawon lokacin da ƙafarka ke ƙasa boris ɗin yana juyawa da gudun inji kuma yana ɗauke da nauyin turin nan. Turin bai tsaya nan ba, yana bi ta filawil har jikin kiranshaf, wato babban sandan da ke juyawa cikin inji, akwai wasu siraran ƙarafa (washa) da ke hana kiranshaf motsi gaba da baya, suma suna shan nasu rabon. Gaskiya tsayuwa ɗaya ko goma ba za ta kashe boris ba, an yi shi ne ya jure, amma ka lissafa: danja 10 a rana, kowacce minti ɗaya, a wata guda awa 5 kenan boris yana aikin da babu wanda ya sa shi. Ban ma sa gosulo a lissafin ba, wanda duk mai bin hanyar Maraba zuwa Nyanya da safe ya san shi kaɗai ya fi danja goma.

Toh yadda ake yi. Kana hango danja tayi ja, ko ruwan ɗorawa ta kama kuma kana da nisan tsayawa, ka ɗaga ƙafa daga totur ka fara taka burki a hankali mota tana cikin giyarta, kar kayi saurin taka kulochi tun daga nesa. Sai gudu ya ragu har inji ya kusa fara kakkarwa sannan ka taka kulochi har ƙasa ka ƙarasa tsayawa. Mutane da yawa tun da man fetur yayi tsada bayan cire tallafi a watan Mayu 2023 sun koma sakin mota a firi tun daga nesa wai suna tattalin mai, alhali motar da ke da injekta in tana cikin giya kuma ka saki totur, kwamfutarta yanke man take yi, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba inji mai don kar ya mutu. Ga shi kuma ka rasa taimakon da inji ke yi wa burki, in wani ɗan Adaidaita ya faɗo maka ba ka da giyar da za ka kauce da ita.

Wajen tsayawa ka bar fili tsakaninka da na gaba, yadda za ka iya ganin tayoyinsa na baya suna taɓa kwalta. Na san a Kano ko Kaduna kana barin filin nan mai babur zai cusa kai, ka ƙyale shi. In na gabanka manuwal ne zai iya gangarowa baya kaɗan wajen tashi, in kuma motarsa ta mutu kana da wurin da za ka karya kan mota ka fita ba sai ka yi ribas ba.

Ka tsaya, sai ka duba madubi. Wannan kam ban yarda a tsallake shi ba. Muddin babu wanda ya tsaya a bayanka, ƙafarka ta dama ta zauna kan burki don fitilun baya su kasance a kunne, mai tahowa ya gan ka, musamman da dare ko lokacin hazon hunturu. In ka ga tirela ko tifa na tahowa da gudun da bai yi maka ba, nan kam ka bar mota a giya ɗaya kana shirye, boris ba komai ba ne a kan ranka. Da ka ga na baya ya tsaya lafiya, maida firi, saki kulochi.

Yaushe ne ba sai ka maida firi ba? In kana isowa ka ga saura daƙiƙa 5 ko 10 a agogon danja, ko ka ga na gefe sun fara tsayawa alamar naku ya kusa, kawai ka zauna a giya ɗaya da kulochi a ƙasa, amma a ƙasa sosai fa, ba rabi ba. Haka in dare yayi a mahaɗar da ba mutane, ko wurin da aka san ana ƙwacen waya, ni dai gilas a rufe, ƙofa a kulle, mota a giya. Masu koyar da tuƙin babur ma abin da suke cewa kenan, a zauna a giya ɗaya, don shi mai babur ba shi da ƙarfen da zai kare shi in an taho ta baya.

Burkin ƙafa ko na hannu kuwa, a kan shimfiɗaɗɗen titi in jiran gajere ne na ƙafa ya isa. In ya kai minti ɗaya ko biyu ka ja na hannu ka huta. A Ingila ma a rubuce yake cikin littafin dokokin hanyarsu, doka ta 114, cewa in layi ya tsaya ka ja burkin hannu, da zarar na bayanka sun tsaya ka ɗaga ƙafa daga burki don jan fitilarka kar ta kashe musu ido. Su suna da wani sauƙi, danjarsu ja da ruwan ɗorawa suna kamawa tare kafin kore ya zo, direba yana da lokacin sa giya. Akwai wani amfanin kuma da ba a cika faɗa ba, in aka buge ka ta baya kana giya ɗaya, ƙafarka za ta iya zamewa daga kulochi mota ta zabura gaba cikin masu tsallaka titi ko tsakiyar mahaɗa, in kana firi da burkin hannu hakan ba za ta faru ba.

Yanzu babbar maganar, hawa. Nan ne ake kashe kulochi da gaske, kuma nan ne raina ke ɓaci don wasu har alfahari suke da shi, wai gwaninta. Mutum ya tsaya a kan tudu, irin na Jos ko hawan gada, ba burki ba komai, ya riƙe mota da rabin kulochi da ɗan totur, tana lilo gaba kaɗan baya kaɗan har danja ta saki. Duk tsawon lokacin nan faranti yana gogar filawil ne bai kama ba bai saki ba, ƙarfin injin gaba ɗaya zafi yake komawa, shi ne warin nan da kake ji kamar an ƙona roba da gashi. Farantin da ya kamata yayi shekaru sai ya cinye, ya yi santsi, filawil ya yi tabon zafi, ka wayi gari kana taka totur inji na ihu mota bata gudu. Taka kulochi har ƙasa boris yake gajiyarwa a hankali, shi kuwa rabin kulochi faranti yake ci nan take, kuma in za a je kasuwar Kofar Ruwa ko Panteka sayen saitin kulochi ai ka san ba maganar ƙaramin kuɗi ake ba.

Yadda ake tashi a hawa ba wuya, sabo ne kawai. Kana tsaye burkin hannu a jaye, mota a firi. Lokaci ya kusa, taka kulochi, sa giya ɗaya, ba ta totur kaɗan fiye da yadda kake yi a fili, sai ka riƙa ɗago kulochi a hankali har ka ji muryar inji ta ɗan sauka, gaban mota ya ɗan ɗaga kamar tana son ƙwacewa. Nan ne ta kama. Sauke burkin hannu, ƙara totur, ƙarasa ɗago ƙafa. Duka bai wuce daƙiƙa 2 zuwa 3 ba kuma ko taku ɗaya ba za ka koma baya ba. Ka samu wani tudu mara mutane bayan la'asar ka maimaita sau goma, zai zauna maka. Sai dai ka tabbata burkin hannunka na kamawa, don motoci da yawa a hanya nasu ado ne kawai, a ɗaure waya ko a canza ta.

Masu cewa ai in na maida firi kore zai kama ban shirya ba a dame ni da hon, maganin shi ne ido. Ka riƙa kallon agogon danja in akwai, in babu ka kalli fitilar masu ɗaya hannun, tana yin ruwan ɗorawa ka taka kulochi ka sa giya. In ɗan KAROTA ko ɗan sanda ne ke ba da hannu, kana ganin ya tare wancan ɓangaren ka shirya. In kai ne na biyar a layi ma ba ka da gaggawa, kafin na farko ya motsa ka gama. Kuma kore ya kama kar ka zabura, dubi dama da hagu tukuna, akwai mai ƙoƙarin tsallake ja koyaushe.

Wani lokaci giya ɗaya takan ƙi shiga daga firi, kar ka danna ta da ƙarfi. Maida firi, saki kulochi, sake takawa ka gwada, ko ka taɓa giya biyu sannan ka dawo ɗaya, haƙoran ne basu daidaita ba. In kullum take yi kuma har da ƙara, a duba man kulochi ko wayarsa, wataƙila baya saki sosai. Hannunka ma kar ya kwana kan sandar giya kana jira, nauyinsa yana danna cokalin canjin giya da ke cikin giyabos.

Kashe inji a danja kuwa, in jiran dogo ne kuma batirinka da kik lafiya suke ba laifi, wasu sababbin motoci ma da kansu suke yi, kana maida firi ka saki kulochi inji ya mutu, kana takawa ya tashi. Amma in ka san motarka sai an tura ta da safe, bar ta a silo, kar ka kashe. Ƙanin nawa dai da aka ɗaura giyabos muka fito, danjar farko da ta tare mu na ga ƙafarsa ta tafi kan kulochi ta zauna, sai da ya kai kusan daƙiƙa goma ya tuna, ya maida firi ya ja burkin hannu.