Yadda Ake Lissafa Nauyin Abu a Kan Wata da Sauran Duniyoyi

Fara da auna abin a nan duniyarmu, a ce ya zo kilo 60. Sai ka ninka da adadin ƙarfin jan wurin da kake nufi idan an gwada shi da namu: Wata 0.17, Mas 0.38, Jupita 2.5. Sikelin da ya nuna kilo 60 a nan zai nuna kusan 10 a kan Wata, 23 a Mas, 150 a Jupita (ita ma a lissafi kawai, don iska ce, ba ƙasar da za a taka).

Inda ake yawan kuskure shi ne a zaci jikin abin ne ya ragu. Yawansa na nan daram, jan da ake masa ne ya canza. Shi ya sa ma'auni mai tasa biyu ba zai nuna maka bambanci ba, domin kayan da duwatsun awo tare suke raguwa. Sikeli mai sifirin kake bukata.

Wajen sanin ƙarfin jan wata duniya, kada ka dogara da yawan jikinta kaɗai, nisa daga tsakiyarta ma yana aiki: ka ninka nisan sau biyu, jan ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Mas ta kusa ninka Makuri a yawan jiki, amma jansu kusan ɗaya ne, saboda Makuri ƙarama ce, wanda ke bisa kanta ya fi kusa da tsakiyarta.

'Yan sama jannati da ke shawagi a tashar sararin samaniya da ke nisan kilomita 400 daga ƙasa kuwa, jan duniya bai sake su ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na nan. Faɗowa suke yi tare da tashar, suna kewaya duniya.