Yadda ake naɗar kundin rok da jaz a situdiyon Legas

Kada ka shiga situdiyo sai waƙoƙin sun nuna. Zaɓi takwas zuwa goma, ka naɗi kowace a waya da murya da jita kawai, ka tura wa makaɗa. A yi gwaji sau uku aƙalla a ɗaki mai araha, domin situdiyo da awa ake biya. Ka guje wa Lahadi, da yawa daga cikin masu ganga da masu busa na Legas suna coci ranar. In daga Agege za ka taso, zaman dare ya fi, hanya ta sake, hayaniyar titi ta lafa.

Abin da ke kashe irin wannan kundi shi ne naɗar kowa shi kaɗai. Jaz zance ne tsakanin makaɗa, sai suna kallon juna. Saboda haka mai ganga da mai bes (jita mai kaurin sauti) da mai fiyano su kaɗa tare a ɗaki guda, jita da saksafon su biyo baya. A waƙoƙin rok a sa musu kilik, wato ƙarar da ke ƙirga bugu, a kunne don sauri ya tsaya. A masu laushi a cire shi, a bar kiɗan ya yi numfashi.

Ganga ce wurin rigima. Rok yana son babbar ganga ta ƙasa ta yi dum, don haka ake cusa mata matashi. Jaz kuwa a farantan ƙarfe na saman ganga yake zaune. Mafita: makirfo biyu a sama, nisansu daga ƙaramar ganga daidai wa daida, a auna da igiya. In ɗaya ya fi kusa, sautin zai cinye juna, gangar ta fito siririya. Amfilifayar jita a sa mata makirfo samfurin SM57 dab da lasifika, a ɗan kauce daga tsakiya don rage kaifi. Jita mai ƙara da saksafon duk suna cunkushewa wajen 1 zuwa 3 kHz, in ɗaya na magana ɗaya ya ja baya.

A naɗa a 24-bit, 48 kHz, kada ƙololuwar sauti ta wuce -6 dB.

Sai wuta. In ka ji "huum" a hedifon, 50 Hz na lantarki ne, galibi daga haɗa kaya a soket daban-daban. A mayar da su layi ɗaya, a bi da bes ta akwatin DI, wanda ke kai sautinta kai tsaye ga na'urar naɗa, a danna maɓallinsa na cire ƙasa (ground lift). Murya kuma a ɗauke ta kan inbata, janareta a kashe, domin makirfon kondensa har gurnaninsa yake kamawa. Damshin Legas yana sa tsirkiyar jita tsatsa da wuri, sayi sababbi a kasuwar Alaba, a ɗaura kwana ɗaya kafin zama don su daina saki.

Mai waƙa da Hausa, kula da tsawon wasali. Jaz yana son jan gaɓa, amma in ka ja "ga" a "gari", birninka ya koma na tuwo. Karanta baitin da baki tukuna, sannan ka ɗora karin.

Wajen miksin, wato haɗa sautukan da aka naɗa, kada a matse sautin kamar na gidan rawa. Spotify na daidaita ƙarfi zuwa kusan -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), matsewar ba ta ƙara maka komai sai kashe farantan. Kafin kowa ya tashi, a rubuta kason kowane makaɗi a takarda, a sa hannu, ka karɓi fayilolinka na WAV a faifai biyu.