Baƙin Zane a Farcen Matasa: Yadda Ake Duba Shi da Lokacin Zuwa Asibiti

Hankalin iyaye kan tashi idan suka ga baƙin layi ya miƙe daga tushen farcen ɗansu ko 'yarsu har zuwa bakinsa, amma a wurin baƙar fata wannan zane ba baƙon abu ba ne, domin ƙwayoyin da ke ba fata launi su ne ke zuba launin a cikin farce yayin da yake tsirowa. Idan zanen siriri ne, launinsa ɗaya, kuma ya fito a farata da dama, galibi ba cuta ba ce.

Da farko a duba farcen a hasken rana, idan kuma akwai lalle a jira ya fita tukuna. Sannan a tambayi yaron ko ƙofa ta taɓa datse masa yatsa, ko yana cizon farce, ko takalmin ƙwallo na matse shi. Jinin da ya kwanta a ƙarƙashin farce yakan yi baƙi, sai dai yana tafiya gaba tare da farcen, wanda a hannu yake tsirowa kimanin milimita 3 a wata, ta yadda cikin wata 6 tabon zai fice. Zanen launi kuwa yana nan daram a tushe.

A tuna da magunguna ma. Hydroxyurea da ake ba masu sikila da zidovudine na masu cutar ƙanjamau duk suna iya baƙanta farce, haka ma ƙarancin bitamin B12. Kada a dakatar da magani saboda wannan, a dai sanar da likita.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce a ajiye rula a gefen farcen a ɗauki hoto da waya kowane wata, domin ido na mantuwa, kuma sauyin zanen ne abin tsoro, ba kasancewarsa ba.

Ciwon dajin farce, wato melanoma, yana da wuyar samuwa a matasa ƙwarai, amma ba ya barin baƙar fata, shi ne ma ya fara a yatsan ƙafar Bob Marley ya yi ajalinsa a 1981. Saboda haka a nemi likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, idan zanen a farce ɗaya tak yake, musamman babban yatsa, idan faɗinsa ya wuce milimita 3 ko yana ƙaruwa, idan ya fi faɗi a tushe, idan launinsa ya gauraya, ko baƙin ya malalo kan fatar da ke kewaye da farcen, ko farcen ya tsage yana jini. Likita zai duba da madubi na musamman, wani lokaci ya yanki ɗan nama a gwada.

Kafin a je, kada a kankare farcen da reza, kada a shafa man bilicin, kuma a tafi da hotunan da sunayen magungunan da yaron yake sha.